Kwano Biyun Da Suka Ɓace A Buhun Shinkafa

Mu 'yan biyu ne, kuma a gidanmu ba a raba mu ko a yabo ko a faɗa. In ɗaya ya fasa tulu, 'yan biyu ne suka fasa. In ɗaya ya ci jarrabawa, 'yan biyu ne suka ci. Don haka ranar da aka zarge mu da taɓa shinkafar biki, tare aka zarge mu, kuma tare muka yi kwana goma sha huɗu muna neman hanyar wanke kanmu. Mun kawo labarin wannan fili ne saboda abin da muka koya a kwanakin ya fi abin da muka koya a zangon karatu guda, kuma duk wanda ake aike kasuwa a cikinku zai iya faɗawa irin ramin da muka faɗa.

Saura mako uku bikin yayarmu, Baba ya kira mu bayan sallar asuba ranar Asabar. Ya ƙirga kuɗi ya miƙo mana, ya ce mu je kasuwar garin da ke maƙwabtaka da mu mu auno shinkafa 'yar gida kwano 40. Muna aji biyu na babbar sakandare a lokacin, kuma ba a taɓa damƙa mana kuɗi masu yawan waɗannan ba. Har muka isa kasuwa hannun ɗayanmu bai bar aljihu ba.

Mai awon dattijo ne da Umma ta daɗe tana sayen gero a wurinsa. Yadda yake awo shi ne ya luma kwano cikin tulin shinkafa, ya ɗebo, ya ƙara da tafin hannu har ta yi tozo, ya juye a buhu yana ƙirgawa da ƙarfi. Muka riƙa ƙirgawa tare da shi, ido ba ƙiftawa. Da ya kai 40 ya ƙara mana gyara. Buhu ya cika maƙil, da ƙyar yaronsa ya haɗa bakin ya ɗinke da basilla. Muka ɗora wa ɗan acaɓa, muka bi shi a wani babur ɗin, a kan hanyar da ba komai cikinta sai ramuka da gargada.

Da aka sauke buhu a tsakar gida sai muka ga abin da ya sa gabanmu ya faɗi. Buhun da aka ɗinke da ƙyar ya saki. Samansa ya yi laƙwas, har mutum zai iya kama wuyansa da hannu ɗaya. Gwaggo, wadda girkin biki ke hannunta, ta dube shi ta dube mu, ta ce a shimfiɗa tabarma. Ta ɗauko kwanon gida ta fara awo irin nata: ta cika, ta girgiza sau biyu, ta buga gefen kwanon da tafin hannu, ta ƙara cikawa, sannan ta juye. Ta samu 38 da ɗan ragowa. Ta sake aunawa daga farko, lissafi bai canza ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “To, Allah Ya kyauta,” ya saka takalmi ya fita. Washegari da za a sayo manja, ƙanenmu ɗan aji shida na firamare ya kira ya ba kuɗin, muna zaune a wurin. Da bulala ya yi mana da ta fi sauƙi.

Mu kuwa da yake mun san ba mu taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, sai muka ɗora wa mai awo. Muka yanke cewa ya tauye mana mudu, kuma ran kasuwa mai zuwa sai mun tona masa asiri a gaban jama'a. Abu biyu ne kawai suka ƙi zama a lissafinmu. Na farko, da idonmu muka ga kwano 40 sun shiga buhu. Na biyu, shekara da shekaru ana auno gero a wurin mutumin nan, Gwaggon nan dai ke sake aunawa a gida, ba a taɓa samun giɓi irin wannan ba. Me ya sa sai a shinkafa?

Tambayar Malam

Ranar Litinin bayan darasi muka tsaya muka kwashe labari muka faɗa wa malaminmu na Fiziks. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Da kuka ce kwano ya cika, da me ya cika?”

Muka ce, “Da shinkafa, Malam.”

Ya ce, “Ita kaɗai?”

Muka yi shiru. Ya ce gobe mu zo da gwangwanin tumatir, da sirinji, da 'ya'yan boris na keke iyakar abin da za mu samu, da gero, da shinkafa, da tsinken sakace.

Mai gyaran keken unguwarmu ya ara mana tsofaffin 'ya'yan boris. Malam ya sa muka fara auna ruwan da gwangwani ke ci in babu komai cikinsa. Sannan muka cika shi da boris har baki, muka riƙa ɗura ruwa da sirinji muna ƙirgawa. Gwangwanin da muke cewa ya cika, sai ga shi ya sha ruwan da ya kusa kashi huɗu cikin goma na wanda ya sha da farko. Ashe duk wurin nan iska ce ke zaune a tsakanin ƙwayoyin.

A nan Malam ya faɗa mana abin da muka rubuta a bangon littafinmu: duk mazubin da aka cika da ƙwayoyi, abu biyu ke cikinsa, ƙwaya da iska. Yawan iskar kuma ya dogara ne da siffar ƙwayar da kuma yadda aka zuba ta.

Ya ce masana sun daɗe suna auna wannan. In aka zuba ƙwallaye masu girma ɗaya a mazubi aka girgiza su sosai, sukan cike kimanin kashi 64 cikin 100 na wurin, ba sa wuce haka. In ana son su wuce, sai dai a jera su da hannu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masu sayar da lemo ke jera shi a kan tire, kowane lemo na sama ya zauna a gurbin da na ƙasa suka bari. Wannan jeri yana cike kimanin kashi 74. Masanin taurari ɗan Jamus Johannes Kepler ya faɗa tun a 1611 cewa babu jerin da ya fi wannan matsewa, amma ba a tabbatar da maganarsa da lissafi ba sai a 1998, lokacin da Thomas Hales ya yi hakan da taimakon kwamfuta. Abin da mai lemo ke yi kullum ba tare da tunani ba, kusan shekara 400 masana lissafi suka yi kafin su gama shaida shi.

Sai muka koma kan hatsi. Muka samu kwalba biyu iri ɗaya, muka zuba gero a ɗaya, shinkafa a ɗaya, a hankali ba girgizawa, muka yi alama da biro a inda kowanne ya tsaya. Sannan muka riƙa buga gindin kowace kwalba a kan tebur. Gero ya ɗan sauka ya tsaya. Shinkafa kuwa ta yi ta sauka, muna bugawa tana ƙara zama. Da muka kara ido jikin kwalbar muka ga dalili. Ƙwayar gero kusan dunƙulalliya ce, duk ta inda ta faɗi ta gangara ta samu gurbi, don haka tun a zubin farko ta kusa kai iyakar matsewarta. Ƙwayar shinkafa doguwa ce. In aka zuba ta da sauri, wata ta faɗi a tsaye, wata a karkace, wata ta gitta kan 'yar'uwarta, su bar ƙananan ɗakuna na iska a ƙarƙashinsu. Da zarar an girgiza, sai su juya su kwanta gefe da gefe kamar itacen da aka ɗaure, ɗakunan su rushe.

Tsinken sakace ne ya fito da abin fili ƙarara. Muka watsa shi cikin kofi, ya cika kofin har ya yi sama, alhali yawancin kofin iska ne. Muka kwashe muka jera shi kai ɗaya, sai ga shi bai kai ko'ina ba. Gwargwadon tsawon ƙwaya da sirantarta, gwargwadon iskar da take iya ɓoyewa in aka zuba ta barkatai.

Ɗayanmu ya yi saurin cewa, ke nan ƙwallo ya fi kowace siffa matsewa. Malam ya ce a'a, nan ma mutane da yawa sun yi kuskure. A 2004 wasu masana a Jami'ar Princeton da ke Amurka, cikinsu har da Paul Chaikin da Salvatore Torquato, sun wallafa gwajin da suka yi da alewar M&M's, wadda siffarta kamar ƙwallon da aka ɗan danne ce. Suka tarar tana cike kimanin kashi 68 cikin 100, ta fi ƙwallaye. Dalili shi ne, ƙwallo yana tsayawa cak da zarar maƙwabta kamar shida sun tokare shi. Ƙwayar da aka ɗan danne kuwa tana iya juyawa ta zame, ba ta kafewa sai maƙwabta kusan goma sun kewaye ta, kuma kafin a kai ga haka an matse sosai. Wato ɗan kaucewa daga siffar ƙwallo yana ƙara matsewa, amma in tsawo ya yi yawa sai abin ya juye.

Muka koma gida muka gwada da gwangwanin madara, mu cika mu girgiza mu ga abin da ya ragu. A shinkafar bikin nan, duk gwangwani 20 da aka zuba sakaka, girgizawa na cinye kusan ɗaya. Ɗaya cikin 20 shi ne biyu cikin 40. Muka dubi juna. A daren nan ba mu yi barcin kirki ba.

Tozo, da maƙogwaron inji

Da mun so mu ruga wurin Baba tun a lokacin, amma Malam ya ce mu dakata, wanda zai wanke kansa gara ya fahimci abin har ƙarshe kada tambaya ɗaya ta kayar da shi. Ya ce mu je mu duba tozon kwano.

Muka zuba gero a faifai ya yi tuli, muka zuba shinkafa, muka samo shanshera wadda ba a cire wa ɓawo ba ita ma muka zuba. Tulin gero ya baje ya yi ƙasa-ƙasa. Na shanshera ya fi kowanne miƙewa, don ɓawonta kaushi ne da shi kuma bakinta tsini, ƙwayoyin na riƙe juna. Kowane irin ƙwaya yana da iyakar gangaren da tulinsa zai tsaya a kai, in aka ƙara ko kaɗan sai ya zubo. Busasshen yashi yakan tsaya a wajen digiri 30 zuwa 35, shi ya sa tuddan rairayi na Sahara ke da gangare kusan iri ɗaya a ɓangaren da iska ba ta bugawa. Abin da wannan ke nufi a kasuwa shi ne, tozon kwano ba abu ɗaya ba ne. Ya danganta da irin hatsin, da bushewarsa, da hannun mai awo.

Daga nan sai muka fara ganin abin ko'ina. An aike mu niƙa, muka tsaya muna kallon mai inji. Ya juye masara a mazurarin injin, tana tafiya tana tafiya, sai kawai ta tsaya, ga inji na ruri ba abin da ke shiga. Ya ɗauki ɗan sanda ya zungura, ta ci gaba. Sau ɗari mun ga wannan ba mu taɓa tambaya ba. Muka ce, “Malam mai inji, me ke tsayar da ita?” Ya ce, “Haka masara take, taurin kai gare ta. Gero ba ya ba ni wannan wahala.”

Abin da ke faruwa shi ne, a daidai maƙogwaron mazurarin wasu ƙwayoyi kan tokare juna su yi baka daga wannan gefe zuwa wancan, bakan ya ɗauke nauyin duk abin da ke samansa. Irin dabarar da maginan gargajiya ke yi ce in suna ɗaurin bakan gizo a soro, kamar wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya: kowane ɓangare ya jingina da na kusa da shi, nauyi ya bi ta gefe ya sauka a bango. Bambancin kawai shi ne bakan masara ba wanda ya gina shi, haɗuwa ce ta sa'a. Masana sun gano cewa in faɗin ƙofa bai kai kimanin ninki biyar na faɗin dunƙulalliyar ƙwaya ba, ko ba jima ko ba daɗe sai ta toshe. Ƙwaya mai kusurwa kamar masara, ko doguwa kamar shinkafa, tana buƙatar ƙofar da ta fi haka, don ta fi iya sarƙewa. Gero ƙanana ne kuma dunƙulallu, shi ya sa yake kwarara kamar ruwa.

Rumbun Kaka

Ranar Juma'a muka je ƙauye gaida Kaka. Labari ya riga mu zuwa. Yana hango mu ya ce, “Maraba da ɓarayin shinkafa! Ku dai kada ku kusanci rumbuna.” Muka ce, “Tsoho, rumbun naka da ɓera ma ya raina?” Aka yi dariya, amma a cikinmu abin ya yi ciwo.

Da muka zauna muka ba shi labarin gwaje-gwajenmu, sai ya kai mu bayan gida ya nuna mana wani tsohon rumbun ƙasa da ya tsage. Ya ce a shekarar da ya cika shi da sussukakken hatsi maimakon dami ne ya yi haka. Ya sa yatsa a tsagar ya ce, “Ku duba, a ciki ya fashe, gindinsa lafiya lau. Hatsi ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, bango yake tura.”

Da muka kai wa Malam wannan magana ya yi murmushi, ya ce Kaka ya faɗi abin da wani injiniya ɗan Jamus mai suna Janssen ya auna ya wallafa a 1895. A zamanin ana gina dogayen rumbunan hatsi a tashoshin jiragen ruwa, magina na son sanin irin nauyin da za su ɗauka. In ruwa ne, lissafin mai sauƙi ne: duk ƙarin tsawo ƙarin matsi ne a gindi. Janssen ya tarar hatsi ba haka yake ba. In ana zubawa, matsin gindi na ƙaruwa da farko, amma da zarar tsawon hatsin ya ninka faɗin rumbun 'yan sau kaɗan, sai ƙaruwar ta kusa tsayawa. Sauran nauyin bango ne ke ɗauka. Ƙwayoyin na tokare juna, nauyi ya riƙa bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya kamar sarƙa, ya karkata gefe, gogayyar da ke tsakanin hatsi da bango ta riƙe shi.

Malam ya sa muka gwada. Muka samu guntun bututun roba irin na famfo, muka ɗaure bakinsa ɗaya da 'yar takarda mai laushi, muka cika shi da busasshen yashi fiye da rabi. Ya ba mu sanda ya ce mu danna yashin daga sama mu fasa takardar. Muka danna ɗaya bayan ɗaya, muka haɗu muka danna tare. Takardar da ɗan yatsa ke hudawa ta ƙi fashewa. Ƙarfinmu duka ya tafi jikin bututu.

A nan ma siffa na da ta cewa. Ƙwayoyi masu santsi dunƙulallu sun fi kama da ruwa, sun fi son bajewa, don haka sun fi tura bango. Masu kusurwa da kaushi sun fi riƙe juna, turinsu a gefe bai kai na waɗancan ba, amma su ne suka fi yin baka su toshe ƙofa. Wanda zai gina babban rumbun ƙarfe dole ya san irin hatsin da za a zuba kafin ya yanke kaurin bango da faɗin ƙofar fitarwa. Malam ya ja kunnenmu a kan abu ɗaya, mu ma muna ja muku: a manyan rumbuna hatsi kan yi baka a sama alhali ƙarƙashinsa rami ne, wanda ya taka sai ya rufta hatsi ya rufe shi. Mutane sun mutu ta haka a ƙasashe da dama. Kada wasa ya kai kowa cikin rumbun da ake kwashe hatsi daga ƙasansa.

Gwajin da ya fi burge mu shi ne na ƙarshe, kuma kowa zai iya yin sa a gida. Ka cika kwalba mai ƙaramin wuya da shinkafa, ka yi ta buga gindinta kana ƙarawa har ta daina sauka. Ka soka fensir har ƙasa, ka zare, ka sake sokawa, sau da yawa. Za a kai lokacin da in ka ɗaga fensirin, kwalbar gaba ɗaya za ta biyo shi. Ƙwayoyin da suka matse ba sa iya motsi sai sun ɗan buɗe sun samu wurin hawa kan juna, jikin kwalba kuma ya hana su wurin, sai su damƙe fensirin. Osborne Reynolds, malami a Manchester ta Ingila, shi ya bayyana wannan hali na ƙwayoyi a 1885. Shi ne kuma dalilin da ya sa in ka taka jiƙaƙƙen yashi a bakin rafi, kewayen ƙafarka kan yi fari kamar ya bushe: takun ya sa ƙwayoyin sun buɗe, ruwan saman ya shige guraben.

Ko magina da wannan suke aiki. Yashin rafi mai kaifi suke nema in za su yi kankare, don ƙwayoyinsa na da kusurwa suna cizon juna. Rairayin hamada iska ta goge shi ya yi santsi da laushi, shi ya sa Dubai, da ke zaune a bakin hamada, ta sayo yashin gini daga Ostireliya. In kun lura da layin dogo, fasasshen dutse mai kaifi ake zubawa a ƙarƙashinsa, ba tsakuwar rafi mai sulɓi ba.

Awo na uku

Ranar Asabar ta biyu, bayan la'asar, muka durƙusa muka ce, “Baba, muna roƙon a ba mu izini mu sake auna shinkafar nan a gabanku, sau ɗaya tak.” Ya ɗan yi jim, ya ce a kira Gwaggo.

Muka juye buhun a tabarma, muka barbaza shinkafar da hannu. Da kwanon gidan dai, wanda Gwaggo ta yi amfani da shi, muka yi awo irin na kasuwa: a luma, a ɗebo, a yi tozo, a juye, ba girgizawa. Baba da kansa ke ƙirgawa. Da muka wuce 38 tsakar gida ta yi tsit. Muka juye na 39. Na 40 ya cika, ga 'yar gyara ta rage a tabarma.

Sannan muka cika kwano ɗaya muka miƙa wa Gwaggo muka ce ta girgiza yadda ta saba. Ta girgiza, ta buga gefe. Tozo ya nutse a gaban kowa. Ta ce, “Yo ai wannan kowace mace ta sani, girgiza na cin awo. Ni dai ban taɓa zaton za ta ci kwano biyu ba.” Gaskiyarta. Abin da girgiza ke ci a kwano ɗaya bai kai a kula ba, sai an ninka shi sau 40. Buhun da ya saki ma hanya ce ta girgiza shi, ramukan nan suka yi masa abin da hannun Gwaggo ke yi wa kwano.

Baba ya daɗe yana kallon tabarmar. Ya ce, “'Yan biyu, na zalunce ku a zuciyata. Ku yafe mini.” Ba mu taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba, muka rasa inda za mu sa ido. Muka ce, “Ba komai, Baba.” Da safe ya kira mu ya ba mu kuɗin ragon biki.

Amma akwai wanda bai san an yi shari'arsa ba, shi ne mai awo. Mun ji zafin zargin da aka yi mana ba hujja, alhali a daren farko mu ma haka muka yi wa dattijon nan. Da ba don Malam ya tsayar da mu da tambaya ɗaya ba, da mun tsaya a tsakiyar kasuwa mun kira shi mai tauye mudu, kalmar da kan bi ɗan kasuwa har 'ya'yansa. Ba muna cewa babu macuta a kasuwa ba. Akwai masu bubbuge gindin kwano, akwai masu girgizawa in suna saye su ƙi girgizawa in suna sayarwa, kuma waɗannan sun san sirrin iskar nan sarai. Maganinsu shi ne mai saye ma ya sani.

Don haka in an aike ku awo mai yawa, ku yi magana tun kafin a fara: da girgiza ko ba girgiza, da tozo ko a shafe. Yadda aka auna a kasuwa haka za a auna a gida. In akwai sikeli a kusa, ku ɗora buhun ku rubuta nauyinsa, don kwano wuri yake aunawa, hatsi da iska tare, sikeli kuwa bai damu da yadda ƙwayoyi suka kwanta ba.

Bayan biki Umma ta aike mu auno gero. Muka je wurin dattijon nan muka gaishe shi har ƙasa. Ya ce, “'Yan biyu, yaya shinkafa, ta isa biki?” Muka ce, “Ta isa, Baba, har an rage.” Ya luma kwano ya fara ƙirgawa, mu ma muka kama ƙirgawa tare da shi.